Za Ki Umara Da Goyo? Shiri Daga Ɗakin Riga-kafi Yake Farawa

Uwargida, idan Allah ya hore wa maigida ya ce bana da ke da yara za a tafi Umara, abin farin ciki ne, muna kuma taya ki murna. A da, kakanninmu na ƙasar Gaya da sauran ƙasar Hausa kan ɗauki hanyar gabas da ƙafa da jakuna, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, a shekara ana tafe, har a haifi 'ya'ya a hanya. Yau daga Gaya ko Ajingi mota za ki shiga, ki bi ta Wudil zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, cikin kimanin awa biyar kina Jidda. Wannan sauƙin ne ke sa iyaye da dama su ɗauka cewa da fasfo da biza da kuɗin guzuri an gama shiri. Mu a asibiti abin da muke fara tambaya shi ne katin riga-kafin yaro, kuma muna so a kawo shi aƙalla mako shida kafin ranar tashi.

Me ya sa har mako shida? Saboda allura ba ta fara kare jiki a ranar da aka yi ta. Ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau sai sun kwana goma kafin a amince da shaidarsu. Ɗigon shan-inna kuwa, hukumomin lafiya na Saudiyya kan nemi a yi shi aƙalla mako huɗu kafin tafiya. Wanda ya zo ana jibi tashi ya makara, ko da ya samu an buga masa hatimi a kati.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan sanƙarau. A 1996 annobarsa ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, akasari a nan Arewa. A Hajjin 2000 da na 2001 wani nau'insa da ake kira W135 ya ɓulla tsakanin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu, daga nan Saudiyya ta koma neman allurar da ke kare nau'i huɗu, wato A da C da W da Y. A nan ne iyaye mata kan yi kuskure. Uwa ta ce ai an yi wa ɗanta ta sanƙarau yana wata tara. Gaskiya ne, amma wadda aka daɗe ana yi a wata tara ta nau'in A ce kaɗai. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, don haka ki nuna wa ma'aikacin lafiya katin ya duba wace aka yi wa ɗanki. Ƙa'idojin shiga ƙasar kan sauya daga shekara zuwa shekara. Shawararmu ita ce, ko za a tambaya a filin jirgi ko ba za a tambaya ba, a yi allurar, domin cutar ta numfashi take yaɗuwa, kuma babu inda ya kai Harami cunkoso.

Ta shawara ana yin ta daga wata tara, sau ɗaya kuma ta wadatar har tsawon rai. Shaidarta ita ce katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Don Allah kada maigida ya sayi kati a hannun 'yan ƙoƙari ba tare da an yi allurar ba. Kati ba ya kare yaro daga komai. Idan jaririn yana tsakanin wata shida da tara, ki tambayi likita game da ƙyanda, domin akan yi wa irin waɗannan allura ta musamman kafin tafiya, sannan a sake yin ta ƙa'ida idan lokacinta ya yi. Jaririn da bai gama alluran mako shida da goma da goma sha huɗu ba kuwa, in da za a tambaye mu, gara a ɗaga tafiyar. Umara ba ta da ranar da za ta wuce ki.

Aikin Hajji dai hukuma ta rufe maganarsa. Hukumar alhazai ta ƙasa ba ta barin mai juna biyu ta tafi, shi ya sa ake gwajin ciki kafin tashi, kuma a 2025 Saudiyya ta sanar da hana zuwa da ƙananan yara. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu. Manya ke nan.

Ke mai ciki da ke shirin Umara, ki faɗa wa ungozoma ko likita a wurin awo tun kafin a biya kuɗin kujera. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne tsakanin mako 14 da 28. Bayan mako 28 yawancin kamfanonin jirgi kan nemi takardar likita, daga mako 36 kuma ba sa ɗauka, idan tagwaye ne tun daga 32. Ba a cika yi wa mai ciki allurar shawara ba, don haka idan ba a taɓa yi miki ba sai an zauna da likita. Mai hawan jini, ko ƙarancin jini, ko wadda ta taɓa zubar jini ko naƙuda kafin lokaci, ta haƙura sai bayan ta sauka lafiya. A cikin jirgi ki riƙa tashi kina ɗan takawa, kina motsa ƙafafu, kina shan ruwa, saboda dogon zama kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ki tuna kuma sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita uku. Akwai keken turawa, hawansa ba abin kunya ba ne.

Can ƙasa mai tsarki, babban abokin gaban yaro shi ne ƙishirwa. Jikinsa ƙarami ne, ruwa na saurin ƙare masa. A fita da shi da dare ko bayan asuba, a bar shi a masauki da rana tsaka. Jaririn da bai kai wata shida ba nono zalla za a ci gaba da ba shi, a yawaita. Mun san zuciya za ta so a ɗiga masa Zamzam. Ke ki sha ki ƙoshi, shi kuma ya sha nono. Ki tafi da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc. Idan gudawa ta kama yaro, a narka ƙunshin a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, zinc kuma a ci gaba da shi kwana goma zuwa sha huɗu. In idanunsa suka faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa shan nono, asibiti za a nufa nan take. Yaro mai sikila ya fi kowa shiga haɗari da ƙishirwa da sanyin na'urar ɗaki, don haka a ga likitansa kafin tafiya, a riƙe magungunansa a jakar hannu tare da takardar likita. Kada ki ɗaukar wa kowa saƙon magani, domin dokar Saudiyya kan ƙwayoyi irin su tramadol mai tsanani ce ƙwarai. Masu kai ziyara wurin raƙuma kuma su guji ɗanyen nonon raƙumi, saboda cutar numfashi ta MERS da aka gano a ƙasar a 2012.

Akwai wani abu da akan manta. Sauro zai iya cizon ɗanki a Ajingi ana gobe tafiya, zazzaɓin ya fito bayan mako ɗaya ko biyu kuna Madina. Likitan can ba lallai zazzaɓin cizon sauro ya fara zuwa masa a rai ba. Ki gaya masa daga Nijeriya kuka zo, ki nemi a gwada jini.

Kai kuma maigida, ɗawafi da yaro a ƙasa cikin turereniya ganganci ne. Ka ɗauke shi, ko ku hau bene inda aka fi samun sarari. Ka ɗaura masa abin hannu mai ɗauke da sunansa da sunan masauki da lambar wayarka, ka kuma ɗauki hotonsa a waya kowace safiya da kayan da ke jikinsa.

Bayan an dawo, 'yan'uwa za su cika gida da barka da sauka. Tarin da matafiya kan dawo da shi yawanci yana wucewa da kansa, amma a nisanta mai tari daga jarirai da masu ciki. Idan cikin mako biyu da dawowa yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ƙuraje suka feso masa, a kai shi Babban Asibitin Gaya ko asibiti mafi kusa a ranar, a faɗa wa ma'aikata cewa daga Saudiyya aka dawo. A tafi da katin riga-kafin, don a cike allurar da lokacinta ya wuce ana hanya.