Rami Ba Ya Ruftawa Sai Ya Yi Magana

Tsofaffin masu haƙar ma'adinai sun san cewa ƙasa takan yi gargaɗi kafin ta ci mutum. Bango ya fara tsagewa, tsakuwa ta riƙa zubowa kaɗan-kaɗan daga sama, itacen tokara ya yi ƙara, ruwa ya ɓullo inda jiya babu shi. Haka ma a masana'anta: inji yakan canza kuka, waya ta yi zafi, wari ya tashi. Wanda ya fara ganin waɗannan alamu kusan kullum lebura ne, domin shi ke kusa da su. Shi ne kuma mutumin da ba shi da ikon cewa a tsaya. A ganina a nan ne yawancin mace-macen wuraren haƙa da masana'antu suke samun ƙofar shiga, kuma tarihin manyan haɗurra ya goyi bayan haka.

A ranar 13 ga Mayun 2014 gobara ta tashi a mahaƙar kwal ta Soma da ke Turkiyya, hayaƙi mai guba ya cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, mutum 301 suka rasu. Makonni biyu kacal kafin nan, majalisar ƙasar ta yi watsi da buƙatar 'yan adawa ta a binciki yadda ake aiki a mahaƙun Soma. Bayan abin ya faru, waɗanda suka tsira sun ba da labarin zafin da ya yi ta ƙaruwa a ramin tun kwanaki, amma aiki bai tsaya ba saboda ana neman tan-tan na kwal. Shugaban gwamnatin wancan lokacin, Recep Tayyip Erdogan, ya kwatanta irin wannan haɗari da abin da ke cikin ɗabi'ar sana'ar, maganar da ta fusata iyalan mamatan. Sai bayan an binne gawarwaki Turkiyya ta amince da yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda tun 1995 ta tanadi cewa mai haƙa yana da haƙƙin janye jikinsa daga wurin da ya ga haɗari.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar, bayan ita ma ta sha ɗacin abin. A Satumban 1986 wutar walda ta kama kumfar roba da aka liƙa a bangon mahaƙar zinare ta Kinross, hayaƙinta ya kashe mutum 177. A Mayun 1995 kuma, a mahaƙar Vaal Reefs, wani kan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya faɗa ramin hawa da sauka, ya danne kejin da ke ɗauke da ma'aikata, 104 suka mutu. A 1996 ƙasar ta kafa dokar lafiya da tsaron mahaƙai. Sashe na 23 ya ba ma'aikaci damar barin wurin aiki idan yana da dalilin ganin haɗari, ma'aikata suka samu wakilan tsaro da su da kansu suke zaɓa, sufeto kuma ya samu ikon dakatar da haƙa nan take. A 1993 mutum 615 ne suka mutu a mahaƙun ƙasar. A 2022 adadin ya sauko zuwa 49. Gaskiya ne ma'aikata sun ragu a tsakanin, an kuma shigo da na'urori, amma har yanzu kusan rabin miliyan ne ke wannan aiki, kuma raguwar ma'aikatan ba ta kai kusa da raguwar mace-macen ba. Ramukan ba su daina zurfi ba, duwatsun ba su yi laushi ba. Dokar ce ta sa maganar lebura ta yi nauyi.

Wani zai ce ai ganganci ne: ma'aikaci ya cire hular kwano, ya sa hannu a inji yana gudu. Ana yin haka, babu musu. Amma a tambayi dalilin. Inda ake biyan mutum da jinga, gwargwadon buhun da ya fitar ko kayan da ya sarrafa, duk mintin da ya tsaya ya kashe wuta kafin ya cire abin da ya maƙale a bel, daga aljihunsa aka cire. Ɗan aikin yini da ya ce ba zai shiga ba, ya san akwai goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Idan tsarin biya yana hukunta mai taka-tsantsan, ɗora laifi a kan mamaci hanya ce kawai ta rufe fayil. Wani kuma zai ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma shari'a ta san diyya a kisan kuskure. Mai ramin da ya ƙi sayen itacen tokara ba shi da hurumin fakewa da wannan kalma a gaban marayu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talauci, kuma ta shafe mu kai tsaye. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a wurin haƙar zinare na yankin Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Yunin 2024, bayan ruwan sama, wani ramin ya rufta da gomman mutane a Galadiman Kogo da ke ƙaramar hukumar Shiroro. A irin waɗannan wurare babu sufeto, babu ƙungiyar ma'aikata, wani lokacin ma babu wanda ya rubuta sunayen waɗanda suka shiga. Ana cewa ina amfanin maganar haƙƙi ga wanda bai ci na safe ba? Amsar da gwamnatoci suka saba bayarwa ita ce rufewa, kamar yadda aka haramta haƙa a Zamfara a 2019. Rufewa kuwa takan mayar da aikin na dare da ɓoye, inda ko ihu ba a yi idan ƙasa ta danne wani.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar da ake zato ba. Kowane wurin haƙa yana da shugabanni da masu ɗaukar nauyin ramuka, waɗanda ke ba da kuɗin abinci da kayan aiki su karɓi kaso mafi tsoka. Su ya kamata a ɗora wa sharaɗi kafin a ba su izini: littafin sunayen masu shiga da fita, tokara a kowane rami, dakatar da aiki bayan ruwan sama mai ƙarfi, da kuma ci gaba da ciyar da leburori a ranar da aka tsaya saboda haɗari. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi, domin haƙƙin da amfani da shi ke nufin kwana da yunwa ba wanda zai taɓa shi. A masana'antu kuwa doka tana nan: dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF, don wanda ya ji rauni ya samu magani da diyya. Matsalar ita ce leburan da ake sallama a sake ɗauka duk bayan 'yan watanni, sau da yawa sunansa ba ya cikin takardun da ake kai wa asusun, kuma yatsunsa ne suka fi kusa da injin.