Maijego da Mahaifiyarta a Ribah

A garin Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko-Wasagu da ke masarautar Zuru a jihar Kebbi, ana ɗaukar haihuwar fari a matsayin hidimar mahaifiyar yarinya kafin ta kowa. Garin ya tara Dakarkari da Hausawa da Fulani da wasu ƙabilu, Musulmi da Kirista, kuma kowane gida da irin tsarinsa. Al'adar da ta fi bayyana a gidajen Hausawa da na waɗanda suka ɗauki al'adunsu ita ce goyon ciki da wankan jego.

Idan cikin fari ya kai wata bakwai ko takwas, sai a mayar da yarinya gidan iyayenta. Wannan shi ne goyon ciki. Dalilinsa shi ne yarinyar ba ta san naƙuda ba, kuma akwai tambayoyin da kunya ba za ta bari ta yi wa uwar miji ba. A gaban mahaifiyarta kuwa tana iya faɗin inda ke mata ciwo. Uwar ce ke lura da cimarta, ta hana ta aiki mai nauyi, ta kira ungozoma ko ta raka ta asibiti idan lokaci ya yi.

Da an sauka lafiya sai jego ya fara. Kaka, wato mahaifiyar maijego, ita ke tashi da asuba ta hura wuta, ta tafasa ruwa a babbar tukunya, a yi wa maijego wanka da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana 40. Ita ke dama kunun kanwa, ta gasa nama da yaji, ta dafa ƙaurin da miji ya kawo, wato ƙafafun saniya. Haka nan ita ke wanke jariri, ta gasa masa cibiya, ta nuna wa 'yarta yadda ake riƙe shi a ba shi nono da yadda ake goya shi. Miji ne ke kawo itace da hatsi da ragon suna, amma a cikin ɗakin jego maganar kaka ce ke tafiya. Ranar bakwai, bayan an raɗa suna, ita ke tarbar mata 'yan barka, ta adana zannuwa da sabulan da aka kawo.

Kunyar ɗan fari tana ƙara wa kaka matsayi. Bisa al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Kaka ba ta da wannan takunkumi. Idan namiji ne ta kira shi mijinta, idan mace ce ta ce kishiyarta ce ta zo, daga nan wasan jika da kaka yake somawa. Sau da yawa laƙabin da ta sa masa shi ke bin sa har girma. Lokacin yaye ma, wajen shekara biyu, gidanta ake kai yaro ya manta da nono, wani ya zarce a hannunta ta riƙe shi.

Ba a rasa saɓani tsakanin uwa da 'ya, musamman kan abin da asibiti ke koyarwa. Tsofaffi da yawa sun taso ana zubar da dakashi, nonon farko, ana ba jariri ruwa ko jiƙo tun kwanakin farko. Ma'aikatan lafiya kuwa suna cewa a ba shi dakashin, a shayar da shi nono zalla har wata 6. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Yarinyar da ta ji wannan a wurin awon ciki ba ta iya musu da mahaifiyarta kai tsaye, sai ta bi da lallashi, ko ta ce likita ne ya hana. Shi ya sa a gidan da kaka ta gamsu da bayanin asibiti, sauyi kan zo da sauri.

Zamani ya taɓa tsarin. Ma'aikaciyar da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato takan aika a ɗauko mata mahaifiyarta maimakon ta koma gida. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Danko-Wasagu ma sun sa wasu iyalai suna gudun tura mai ciki ƙauye. Idan uwa ta rasu, inna ko gwaggo ko babbar yaya ce ke maye gurbinta.

Bayan cikar kwana 40, maijego takan yi yawon arba'in ta gaida dangi. Daga nan a mayar da ita ɗakinta da gara, wato hatsi da mai da daddawa da yaji, gwargwadon ƙarfin iyayenta.