Ciwon Sagewar Hannu

Akwai wani ciwo mai ta da mutum cikin dare. Sai ya farka ya ji hannunsa ya sage, yatsu suna zugi kamar ana tsira masa allura. Ya yi ta yarfa hannun, sa'an nan ya sami sauƙi ya koma barci. Gobe ma haka. Mu nan ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi mun san shi sarai. Waɗansu su ce sanyi ne, waɗansu su ce sammu ne. To, ba ko ɗaya.

Ga yadda abin ya ke. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙofa matsattsiya. Jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suna bi ta cikinta, tare da jijiya guda mai kawo ji. Mu tuna hanyar shiga kasuwar Shinkafi ran Alhamis. In jakuna 9 da kaya suka cika ta, ai mai tafiya a ƙasa shi ke shan matsi. Haka nan in jijiyoyin nan suka kumbura, sai su danne jijiyar ji.

Ya fi kama mata, tun ba masu ciki ba. Ya kan kama masu ciwon suga. Aikin da a ke maimaitawa kullum da ƙarfi ya kan tsananta shi, kamar daka, da niƙa, da murza tunkuza wajen fid da man gyaɗa, da ɗinkin dukawa.

Yanzu kowa ya buɗe tafin hannunsa mu duba. Sagewar tana kama babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na huɗu. Ba ta taɓa ƙaramin yatsa. Wannan ita ce babbar alama, mu riƙe ta. In ciwon ya daɗe, allura ta riƙa suɓuce wa mai ɗinki, ludayi ya faɗi daga hannun uwargida. Har alli ma ya gagari ɗan aji riƙo. Daga baya tsokar gindin babban yatsa ta rame. In an kai nan, ko an yi magani, ba lalle ƙarfin ya komo duka ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. Mu haɗa bayan hannayenmu biyu a gaban ƙirji, yatsu suna duban ƙasa, mu ƙirga 60. Mai ciwon nan ya kan ji sagewar ta taso. Gwajin yana da sunan wani likitan Amurka, Phalen, wanda a 1966 ya ba da labarin hannaye 654 da ya duba.

Mun san abin da ke sa waɗansu ɓoyewa, tsoron kada a ce kuturta ce. Ita kuturta ta fi somawa da tabo mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓi, kuma ta kan kama wajen ƙaramin yatsa. Ko ita ce ma tana warkewa, maganinta kyauta ne. Amma wanda hannu da ƙafa na gefe guda suka mutu masa farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, wannan wani abu ne dabam. A kai shi asibiti nan take.

Kada mu kai wa wanzami wuyan hannu ya tsaga, jijiyar tana kusa da fata. Mu rage aikin, mu riƙa hutawa. Da dare a ɗaura ɗan katako, hannu ya kwana a miƙe, amma kada a matse. Na mai ciki sau da yawa ya kan tafi bayan haihuwa. In an yi makonni ba sauƙi, a je asibitin Kaura Namoda, ko na Shinkafi, ko na Zurmi. Likita ya kan yi allura a wuyan hannu. In ba ta yi ba, sai ƙaramin aiki, a buɗe ƙofar nan jijiya ta sarara.