Ko Kun Sani? Jarumar Fim Mai Ƙwaƙwalwar Injiniya

Ɗalibin da ke ratsa Kwalkwalawa zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Bluetooth maƙale a kunne, yana cin moriyar dabarar da wata jarumar fim ta yi wa rajista tun 1942.

Hedy Lamarr ce, haifaffiyar Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1914, wadda ta yi tashe a Hollywood, musamman da fim ɗin Samson and Delilah na 1949. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita da makaɗi George Antheil suka tsara yadda saƙon rediyo mai sarrafa bam ɗin ƙarƙashin teku zai riƙa tsalle tsakanin zango 88, adadin maɓallan fiyano. Mai aikawa da mai karɓa suna sauya zango tare, abokin gaba kuwa ya rasa inda zai toshe. Bluetooth ma haka yake tsalle, sau 1,600 cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai dai sojojin ruwan Amurka sun ajiye aikin Lamarr da Antheil gefe. Abin takaici, ko sisi ba ta samu daga gare shi ba. Sai a 1997 aka karrama ta, shekara uku kafin rasuwarta.