Nauyin Baki A Wurin Yara: A Duba Kunne Kafin A Zargi Harshe

A gidaje da yawa na Nguru da Gashuwa, kamar dai sauran garuruwan Arewa, akan sami yaron da aka yaye shi, yana gudu, yana wasa da tsaransa, yana cin tuwo da hannunsa, amma kalma ɗaya ba ta fita daga bakinsa. In yana son ruwa sai ya ja zanen uwarsa ya nuna randa. Uwar takan damu a ɓoye, kaka kuwa takan kwantar mata da hankali da cewa ai nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya shekara uku kafin ya yi magana. Wani lokaci maganar kaka takan zama gaskiya. Wani lokaci kuma jiran da aka yi shi ke jawo asarar da ba ta gyaruwa, domin abin da ya hana yaron magana yana cikin kunnensa, ba wanda ya duba.

YAUSHE YARO KE FARA MAGANA?

Likitocin yara sun daɗe da auna matakan da yaro ke bi kafin bakinsa ya buɗe. Tun daga wajen wata 6 zuwa 9 jariri kan fara gwaranci, watau ya riƙa maimaita "ba-ba-ba" ko "da-da-da", ya kuma waiwaya in an kira sunansa. Da ya kai shekara guda yakan fahimci "bari" da "zo", ya ɗaga hannu ya yi ban kwana. A wata 18 yawancin yara suna da kalmomi uku ko fiye, ban da "baba" da "mama". A shekara biyu kuwa, watau daidai lokacin yaye, sukan haɗa kalma biyu, alal misali "ba ni" ko "Baba tafi".

A shekarar 1989 wata masaniya a Amurka mai suna Leslie Rescorla ta fito da ma'aunin da ake amfani da shi har yanzu: yaron da ya cika wata 24 amma kalmominsa ba su kai 50 ba, ko kuma bai fara haɗa kalma biyu ba, shi ake cewa ya makara. Bincike ya nuna mafi yawan irin waɗannan yara sukan kamo tsaransu kafin shiga makaranta, muddin jinsu lafiya lau ne, kuma suna gane abin da ake gaya musu. To, a nan gizo ke saƙa, domin ba a iya tabbatar da lafiyar jin yaro da ido.

ABUBUWAN DA AKE ZARGI BA SU DA LAIFI

Abu na farko da ake ɗora wa laifi shi ne linzami, watau tantanin nan da ke ƙarƙashin harshe. Sau da yawa akan kai yaro wurin wanzami a yanke shi, a koma gida ana sauraron magana. Likitoci sun bayyana cewa linzami yakan iya wahalar da jariri wajen shan nono, ko ya ɓata furucin wasu haruffa, amma ba ya hana yaro koyon kalmomi. Yanka da askar da ba a dafa ba kuwa yana iya jawo zubar jini, ko sarƙewar haƙora, ko ciwon hanta.

Abu na biyu shi ne yawan harsuna. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar Mangawa da Hausawa da Fulani da sauran 'yan kasuwa. Gashuwa kuwa, hedikwatar masarautar Bade, yaro kan tashi yana jin Badanci a wurin kakarsa, Hausa a ƙofar gida, Barbarci ko Fillanci a wurin maƙwabta. Saboda haka wasu iyaye kan ce harsunan ne suka rikita shi, har su daina yi masa harshensu na gado. Masana harshe sun tabbatar cewa tashi da harshe biyu ko uku ba ya jinkirta magana. Abin da ya kamata a yi shi ne a haɗa kalmomin da yaron ya sani a dukkan harsunan a ƙidaya su tare. In ya cakuɗa su a jimla guda, wannan ba ciwo ba ne, manya ma haka suke yi a kasuwa.

KUNNE SHI NE ƘOFAR MAGANA

Yaro ba ya faɗin abin da bai taɓa ji ba. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne, jaririn da aka haifa da kurumta shi ma yakan yi kuka da dariya da ƙananan sautuka a watannin farko, sai daga baya gwarancin ya ƙi zuwa, ko ya ragu. Akwai kuma yaron da jinsa ya ragu ne kawai: yana jin ƙarar babur da bugun ƙofa da kiɗan ganga, amma ba ya bambance "sha" da "sa", ko "kai" da "tai". Irin wannan akan ce masa mai taurin kai, ana kira yana ƙin amsawa, har a kai shi ga duka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 34 a duniya ke fama da raunin ji mai naƙasawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take fitowa. Yawancin waɗannan abubuwa sanannu ne a arewacin Jihar Yobe.

Na farkonsu sanƙarau. Wannan yanki yana cikin shiyyar da cutar ke ɓarkewa daga lokacin hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura da zafi. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Tsakanin watan Oktoba na 2023 da Maris na 2024 cutar ta sake ɓulla a jihohi bakwai, har da Yobe da Jigawa, abin da ya sa Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga iri biyar na ƙwayar cutar. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kowane mutum biyar da suka warke daga sanƙarau, ɗaya kan fita da wata naƙasa, kuma kurumta na cikin waɗanda suka fi yawa. Don haka duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo ya kamata a auna jinsa ba da ɓata lokaci ba.

Na biyu shawarar jarirai. Takan bayyana a makon farko, kafin ranar suna, lokacin da mai jego ke cikin ɗaki, ga ƙarancin haske, ba a lura idon jariri ya koma rawaya ba. In ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyar ji. Maganinta a asibiti yake, inda ake sa jariri ƙarƙashin wata fitila ta musamman.

Na uku ciwon kunne mai zubar da mugunya, wanda kan biyo bayan mura ko ƙyanda. Shigar ruwan kogi ko na kududdufi cikin kunnen da ya riga ya ɓule kan ƙara dagula shi, kuma wannan abin kula ne ga masu zama a bakin kogin Yobe da fadamun Haɗejiya da Nguru. Ɗiga man ja ko ruwan ganye ko turare a irin wannan kunne ɓarna yake ƙarawa. Sai kuma ƙyanda da hangum da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su barkatai ba da umurnin likita ba.

IN KUNNE LAFIYA YAKE FA?

Akwai yaran da jinsu daidai yake amma maganar ta ƙi zuwa. Wasu tamowa ce ko rashin jini ya rage musu kuzari, wasu wahalar haihuwa ce ta taɓa su. Akwai kuma wanda ba ya haɗa ido da mutane, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya shiga wasan yara, wanda mai yiwuwa alamar larurar nan ce da likitoci ke kira otizim. Yaron da ya fara magana sannan ya daina, a kowane shekaru yake, a gaggauta kai shi asibiti.

Wani abin kuma a cikin gida yake. Yaro yana koyon magana ne daga wanda ya dube shi ya yi masa magana, ya jira ya amsa. A da, ko da kunyar ɗan fari ta hana uwa sakewa da ɗanta a gaban mutane, akwai kaka da gwaggo da yayye masu yi masa wasa da tatsuniya. Yanzu a gidaje da dama wayar hannu ce ake miƙa masa don ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini. Uwa tana daka ko wanki tana iya gaya wa na goye sunan turmi da taɓarya da sabulu. Uba ma in ya dawo daga gona ko kasuwa, zaman minti goma da ɗansa a kan tabarma ya fi kowane maganin buɗe baki da ake talla.

INA ZA A DOSA?

Mataki na farko shi ne asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, inda ake awon jarirai da rigakafi. A gaya wa ma'aikacin lafiya shekarun yaro, da yawan kalmominsa, da ciwon da ya taɓa yi. Daga nan akan tura shi babban asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. In ana bukatar cikakken gwaji, akwai sassan likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Maiduguri, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin jarirai ba shi da zafi, 'yar na'ura ce ake sawa a kunne na 'yan mintoci, ko da jaririn yana barci. A ƙasashen da suka ci gaba ƙa'idar ita ce a gwada jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, domin a shekaru uku na farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ko da an tabbatar yaro kurma ne, wannan bai rufe masa ƙofar ilmi ba. Akwai na'urar ƙara ji ga wanda za ta yi wa amfani, akwai kuma maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna amfani da ita, harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Makarantar Tudun Maliki a Kano tana koyar da yara kurame tun 1977. Babbar asara ita ce a bar yaro ya kai shekara bakwai ba shi da harshen baki ba shi da na hannu.

Tafiya Kano ko Kaduna daga Gashuwa ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi ko masunci. Saboda haka ya dace Gwamnatin Jihar Yobe da ƙananan hukumomin Nguru da Bade su samar da na'urar gwajin ji a manyan asibitocinsu, su kuma horar da ma'aikatan rigakafi su riƙa tambayar iyaye game da ji da maganar yaro a duk ranar allura, musamman ta ƙyanda da ake yi a wata 9 da wata 15. Iyaye kuwa, in yaro ya kai yaye bai haɗa kalma biyu ba, kada su tsaya jiran ya shekara uku kamar ubansa, su kai shi a duba kunnensa. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.