Kafin a Ɗauko Bulala

Malamin aji ne ke fara lura. Yarinyar da kullum hannunta ke sama ta koma bencin baya ta yi tsit. Yaro na gyangyaɗi tun darasin farko, idanu jawur, makinsa na zubewa zango bayan zango. Abin da aka saba an san shi: a ce taurin kai ne, a tsula masa bulala, a tura shi sharar fili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko yawan fargaba. A aji mai yara 70, ana maganar kusan goma ke nan. Balle yaran Ƙanƙara, Jangebe da Kuriga, waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga.

Ba a ce malami ya zama likita ba. Nasa shi ne ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gani, ya keɓe yaron ya tambaye shi cikin lallami, sannan ya sanar da malamin ba da shawara. Sai dai a makarantu da yawa an lafta wa wannan malamin darussa, ko ɗakin ganawa babu. Shi ne ya kamata ya zauna da iyaye, in abin ya fi ƙarfinsa a nufi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, ga na Dawanau a Kano.

Shi ma likita kada ya sallami yaro hannu rabbana. Da yardar iyaye, ya rubuto wa makaranta ko maganin na sa barci, ko a rage wa yaron aikin gida. Takardar kuma ba ta hirar ofishin malamai ba ce. Da zarar 'yan aji sun fara kiran yaro mahaukaci, an rusa aikin.

Iyaye, addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita. In kuwa yaro ya ambaci kashe kansa, ko da wasa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a ranar za a kai shi asibiti, ba sai an yi hutu ba.