Digirin Injiniya: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, yaron da Allah Ya ba kan lissafi ba ya samun sararin yin zaɓi. Iyaye da malamai sun riga sun gama shawara: ko likita, ko injiniya. Sai dai a unguwar da ake yi masa wannan fata, akwai wani yayansa da ya gama karatun injiniyan shekaru da suka wuce, yana zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS, ko yana koyar da lissafi a makarantar kuɗi kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Yaron yana ganin wannan da idonsa, don haka idan ya tambaya ko wahalar za ta biya, bai kamata a ce masa ya cika surutu ba.

A fara da abin da karatun yake ci. A jami'o'in Nijeriya shekara 5 ake yi, alhali yawancin kwasa-kwasai 4 ne. Ana shiga da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Shekarar farko kimiyya ce zalla, ta biyu kuma kowa yana ɗanɗana kowane fanni, har da zanen injiniya da aikin hannu a wurin ƙira, kafin a rabu zuwa fannin gine-gine, ko lantarki, ko injina, ko sinadarai, ko noma. A shekara ta huɗu ɗalibi yana fita wata 6 koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a farkon shekarun 1970. Bayan digiri ga hidimar ƙasa. Kuma duk da haka doka ba ta ɗauke shi cikakken injiniya ba sai ya yi rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da wannan sana'a, wadda take neman ƙwarewar aiki ta shekara 4 bayan kammala karatu. Idan aka ƙara da yajin aikin malamai, wanda ya ci kusan wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022, za a ga cewa daga ranar shiga aji zuwa ranar da mutum zai buga hatiminsa a kan zane, shekara goma ba ta yi yawa ba.

A cikin waɗannan shekarun, abokinsa da suka gama sakandare tare, wanda aka kai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano koyon walda, an yaye shi, ya buɗe shago, yana da yara a ƙarƙashinsa, wataƙila ma ya yi aure. Wannan shi ne ainihin farashin digirin, ya fi kuɗin rajista da na hayar ɗaki nauyi, kuma shi ne iyaye ba su cika sawa a lissafi ba.

Mutuncin da ake ganin karatun da shi ya samo asali ne daga wani zamani da ya bambanta da namu. Lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gaji sashen injiniya na tsohuwar Kwalejin Nijeriya da ke Zariya, kuma waɗanda suka fito daga can sun tarar da ƙasa tana ginuwa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, madatsar Kainji a 1968, kamfanin Peugeot a 1975, matatar man Kaduna a 1980. A Kano, gwamnatin Audu Baƙo tana gina madatsun ruwa irin su Tiga, ga Bompai da Sharaɗa da Challawa cike da masana'antu. Aiki ne yake neman injiniya. Daga baya masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kamfanonin Kano da yawa suka zama wurin ajiye kaya, masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuwa, wadda aka fara da taimakon Tarayyar Sobiyet tun ƙarshen shekarun 1970, har yau ba ta kai ga abin da aka gina ta dominsa ba. Jami'o'i sun ƙaru, masu kammalawa sun ninka, wuraren ɗaukarsu sun ragu. Manyan ayyukan zamanin nan ma, kamar layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ko na Kano zuwa Maraɗi, kamfanonin waje ne suka karɓi kwangilarsu, kuma sukan zo da zanensu a hannu. Saboda haka wanda ya shiga karatun don yana zaton takardar ita kaɗai za ta buɗe masa ofis, kamar yadda ta buɗe wa kakanninsa, ya yi lissafi da tsohon farashi.

To mene ne digirin yake bayarwa wanda Panteka ba ta bayarwa? A ganina amsar tana wurin da ake zuba dakin, wato rufin kankare na gini. Kankare yana da ƙarfin jure danni, amma ba ya jure ja. Shi ya sa ake sa masa rodi, domin rodi shi ke ɗaukar ja. Idan dakin yana zaune a kan bango biyu, nauyi yana lanƙwasa tsakiyarsa zuwa ƙasa, wato ƙasansa ne yake miƙewa, don haka a can ake jera babban rodi. Kowane magini ya san wannan, ya yi shi sau ɗari. Amma barandar bene da ta fito waje ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba, lanƙwasarta akasin haka take: samanta ne yake miƙewa, don haka babban rodinta a sama ya kamata ya kasance, kuma ya shige cikin dakin sosai ya kama. Maginin da ya saba da jera rodi a ƙasa, idan ya yi wa baranda yadda ya saba, ko ya bari leburori suka tattake rodin saman ya nutse lokacin zuba kankare, ginin zai yi kyau a ido. Ranar da aka cire katakon da ke tallafe da ita, ko ranar biki da mata suka cika ta, ranar za a gane. Maginin bai yi ha'inci ba. Ya san yadda ake yi, bai san dalilin da ya sa ake yi ba, kuma da aiki ya canza siffa sai sabo ya yaudare shi. Shekarun nan biyar na lissafi, abin da suke saya wa mutum ke nan: ya iya faɗin abin da zai faru kafin a kashe ko sisi, a kan aikin da bai taɓa ganin irinsa ba.

Haka abin yake da kwana 28 da kankare yake ɗauka kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, da ban ruwan da ake yi masa a makon farko, da gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi. Mai gida yana ganin duk ɓata lokaci ne da kuɗi. Wani lokaci aikin injiniya shi ne ya ce a'a, ya ɗauke hannunsa. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma bayan rushewar ne wasiƙa ta fito fili da ke nuna cewa injiniyoyin da suka fara kula da ginin sun janye tun a 2020, suna cewa ba za su iya ba da tabbacin ingancinsa ba. Ƙasar da gine-gine suke faɗuwa, madatsa irin ta Alau take ɓallewa ta mamaye Maiduguri kamar yadda aka gani a Satumba 2024, ba za a ce injiniyoyi sun yi mata yawa ba. Waɗanda ake saurara ne suka yi kaɗan.

Akwai kuma ƙofofin da suka buɗe bayan na masaƙu sun rufe. Rashin wuta ya haifar da kasuwar sola a kowane gari, kuma yawancin masu haɗawa da ka suke yi. Mai shago ya ce yana da firiza biyu da famfon burtsatse, a haɗa wat ɗin da aka rubuta a jikinsu, a sayo inbata daidai da shi. Da an kunna famfo sai komai ya ɗauke, domin injin famfo yana jan wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi. Ko a sa siririyar waya tsakanin batir da inbata ta riƙa zafi, ko a bar batir yana zubewa ƙasa kullum ya mutu kafin shekara, a ce jabu ne. Matashin da ya karanta lantarki, kuma ba ya jin kunyar hawa kwano da rana, ba zai rasa abin yi ba a nan. Ga injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Jigawa da Kebbi, ga kamfanonin siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, ga turakun sadarwa, ga matatar man Dangote da aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ga ta SORAZ a Damagaram. Ko bankuna da kamfanonin manhaja suna son masu wannan digirin, ba don sun san kankare ba, sai don an horar da ƙwaƙwalwarsu a kan warware matsala.

Sharaɗin, wanda shi ne wurin da da yawa suke faɗuwa, shi ne hannu ya san aiki. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɗakunan gwaji a jami'o'i da yawa sun tsufa, ɗalibai ashirin su zagaye inji ɗaya, ɗaya yana taɓawa saura suna kwafar sakamako. Wata shida na SIWES shi ne damar gyara wannan, amma wasu sukan nemi ofishin kawunsu inda za a sa musu hannu a littafi su tafi gida. Aikin bincike na shekarar ƙarshe ma akwai masu saye. Irin wannan ɗalibi zai fito da sakamako mai kyau, a kai shi gaban allon wutar masana'anta ya tsaya yana kallo, wani mai difloma ya zo ya gyara. Wanda ya yi hutunsa a gareji, ko wurin masu naɗin koyil, ko a wurin gini yana auna rodi da kafinta da birkila, ya kuma koyi manhajojin zane irin su AutoCAD da kansa, shi da wancan takardarsu ɗaya ce, amma kasuwa tana bambanta su tun a makon farko. Kuma wannan bai keɓanta ga maza ba. 'Yan matan da suke shiga fannin har yanzu kaɗan ne a Arewa, alhali yawancin aikin zane da lissafi a kan tebur ake yin sa.

Saboda haka idan yaro ya zo da tambayar nan, ni sai in juya masa ita. Lissafi yana ba ka sha'awa, ko haƙuri kake yi da shi? Idan rediyo ko fanka ta lalace a gida, kana buɗewa ka leƙa? Za ka iya aiki a Obajana ko Fatakwal, ko dole sai kusa da gida? Wanda ya amsa waɗannan da gaske, wahalar za ta biya shi, ko da ba a shekarar farko ba. Wanda kuwa sunan yake so a kira shi da shi a wurin ɗaurin aure, zai sha wuya a aji biyu, kuma zai iya ƙarewa da tarin darussan da ya faɗi yana maimaitawa.

Kafin a biya kuɗin rajista, a bincika ko kwas ɗin da aka samu yana da amincewar hukumar kula da jami'o'i ta NUC da ta COREN a wannan jami'ar, domin amincewar kwas-kwas ake bayarwa, ba jami'a ɗungurungum ba, kuma wanda ya gama kwas mara amincewa zai sha fama wajen rajista. Mai tunanin aiki a waje ya sani cewa a 2023 an karɓi COREN a matakin wucin gadi cikin Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe suke amincewa da digirin injiniyan juna ta hanyarta, kuma matakin wucin gadi bai kai cikakken zama mamba ba. Wanda bai samu jami'a ba kuma, ko gidansu ba zai iya ɗaukar shekara 5 a jere ba, hanyar kwalejin fasaha irin ta Kaduna tana nan: ya yi difloma ta shekara 2, ya fita ya yi aikin shekara guda yana samun na kansa, sannan ya zaɓi ko ya koma babbar difloma, ko ya nemi shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.